Baba Falalu Mai Rijiya Bai Sha Ba

Mai rai Ya karɓi abin da Ya ba da aro, mu ma duk can muka nufa. Ranar Laraba, goma ga watan Sha'aban, shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in da ɗaya bayan Hijira, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya yi wa Baba Falalu Mai Rijiya rasuwa a gidansa da ke bayan Limawa, a nan Dutse. Ya kusa shekara saba'in. Ya yi jinyar wata huɗu, idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura, har ya bar tuwo sai kunu. Ya bar matarsa Inna Kubura da 'ya'ya uku, Ashafa da Hassana da Mu'minatu.

Mu bakwai muka raka ka, Baba. Na ƙirga muna ɗaukar makara, na sake ƙirgawa a bakin kabari, ko wani ya biyo mu a baya. Bakwai ne. A garin da babu gidan da bai sha ruwan hannunka ba, mutum bakwai! Muna wucewa da kai ta bakin wani zaure na ji da kunnena wani dattijo yana cewa, "Allah Ya jiƙan Musulmi, amma dai giya ce ta cinye masa hanta." Waɗanda ke zaune da shi suka gyaɗa kai, ba wanda ya miƙe. Yau kwana shida Inna Kubura na cikin takaba, matan da suka shiga yi mata gaisuwa ba su cika tabarma biyu ba.

Ni ne Uwaisu ɗan marigayi Malam Jaji na Limawa. Ni ke zaune a kan buzun mahaifina, ina karantar da 'ya'yanku. Na rubuta wannan ne domin a karanta shi a ƙofar gidan Baba Falalu ranar sadakar bakwai, da murya sama, ba a cikin ɗaki ba. Na san abin da zan faɗa yana iya sa ku kwashe 'ya'yanku daga makarantata kafin rana ta faɗi. Na auna wannan, na kuma yarda. Amma sai kun ji ni tukuna.

Bari in fara tuna muku wanda kuka ƙi bi. Rijiyar da ke bayan masallacin unguwa, wadda kuka yi alwalar asubahin yau da ruwanta, wa ya haƙa ta? Rijiya ashirin da uku ya bari tsakanin Dutse da Aujara da Garki. Yakan tsuguna ya ɗebi ƙasa, ya shinshina, ya ɗora a harshe, ya ce, "A nan ne, gaba goma sha biyar." Da wuya ya yi kuskuren gaba ɗaya. A shekarar babbar yunwa, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe, shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yashewa, da ciki wofi kamar kowa, bai karɓi ko mudun gero ba. Fulanin da ke mashekari gabas da gari har yau sunansa suke kiran rijiyarsu da shi. In ya tarar da ruwa a sabuwar rijiya, gugan farko ba na dagaci ba ne, ba na liman ba. Sai ya sa a nemo tsohuwar da ta fi kowa tsufa a ƙauyen, ya durƙusa ya miƙa mata, ya ce ita ta fi daɗewa tana tafiyar nesa da tulu.

Yana da wata ɗabi'a da ake yi masa dariya a kanta. Ba mai sauka rijiyarsa sai ya zo gabansa ya ce, "Hura mini." Sai mutum ya hura masa numfashi a fuska. Daga nan sai mutumin ya ƙulla igiyar da za ta riƙe shi a ƙugu, Baba ya kama ƙullin ya fizga da ƙarfinsa duka. Ko ɗan liman ne, ko surukinsa ne, sai an yi haka. Kuka ce me ya sa ya san warin giya haka, in ba mai sha ba ne? Kuka ce ai an sha ganinsa a unguwar Maguzawa, a gindin tsamiyar Gaji mai burkutu. An gan shi, gaskiya ne. Ga abin da ya kai shi.

Shekara biyu bayan Nasara sun shiga Kano, Baba yana haƙa a Garki tare da ƙanensa Ɗanmusa, uwa ɗaya uba ɗaya. Wata rana da hantsi Ɗanmusa ya biye wa wasu abokai ya sha. Aiki na jira. Sai aka yi masa abin da kowa ya sani ana yi: aka jiƙa masa tsamiya ya sha, aka ba shi goro ya tauna, aka juye masa tulun ruwa a ka, aka sa shi ya zaga rijiyar da gudu. Idonsa ya buɗe, maganarsa ta miƙe, har yana tsokanar mutane. Kowa ya ce ai ta sake shi. Baba da hannunsa ya miƙa masa igiya. A gaba na goma ƙafarsa ta kuskure matakin da aka sara a bango, nauyinsa ya koma kan ƙullin da ya yi, ƙullin ya warware. Baba ne ya sauka ya ɗauko shi. Sau ɗaya ka ba ni wannan labari, Baba, kana kallon ƙasa, ba ka kuma ƙara ambatonsa ba.

Da wani ne, da sai ya ce ƙaddara ce ya bar maganar. Ƙaddara ce, shi ma bai musa ba, amma ya rantse sai ya san tsawon lokacin da abin nan yake ɗauka kafin ya bar jikin mutum. Malamai ba su sani ba, don ba sa sha. Masu sha ba su sani ba, don kowannensu gani yake ya warke tun ƙoƙon bai bushe ba. Sai ya ɗauki gorar ruwansa da dagin haƙarsa da guntun igiya, ya tafi inda ake sha. Rani biyu, duk ranar kasuwa, yana zaune a gindin tsamiyar nan. Yakan kafa dagin a rana, ya ƙirga ƙoƙon da kowa ya sha, ya riƙa auna inuwa da ƙafa kamar yadda ladan ke auna la'asar. Bayan ɗan lokaci sai ya miƙa wa mutum igiya ya ce ya ƙulla, ya fizga. Mashayan suka ɗauka wasa ne, har suna rige-rigen karɓa. Gaji ta gaji da ganinsa, ta ce, "Kai Musulmin nan, ba ka sha, ba ka tafi, me kake nema a gidana?" Ya ce mata, "Ƙanena nake nema."

Abin da ya samo ba shi da yawa, amma ya tsaya a kansa har ya mutu. Ƙoƙo uku irin na Gaji, daga hantsi sai azahar suke fita. Yini guda, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ƙoƙo takwas. Dare ma takwas, barci ba ya ƙara ko ɗaya. Wanda ya ci tuwo kafin ya sha, takan yi jinkirin hawa masa kai, amma in ta hau ba ta saurin sauka don tuwon. Siririn mutum ya fi ƙato daɗewa a cikinta. Tsamiya da goro da ruwan sanyi da gudu, duk ido suke buɗewa, ba sa gyara hannu. Tun daga lokacin har ya ajiye dagi, babu wanda ya sake mutuwa a rijiyar da yake riƙe da igiyarta. Ku je ku tambayi sauran masu haƙa ko akwai wanda zai iya faɗin haka.

Yanzu na zo kan kaina, Allah Ya ba ni ƙarfin zuciya. Kun tuna lokacin yaƙin Jamus, da aka ɗebi samari a kai su Kamaru ɗaukar kayan soja. Ina cikinsu. Na dawo bayan shekara biyu, ba na iya zama a kan allo, ba na son magana. Kuka ce iskar wata ƙasa ce ta taɓa ɗan malam. Ba iska ba ce. A can na koyi sha, na kuma dawo da shi a cikina. Mahaifina bai sani ba. Ya ga dai na kasa karatu, sai ya roƙi Baba Falalu ya riƙa tafiya da ni wajen haƙa, ko aikin ƙarfi ya dawo mini da hankali. Ranar farko da na hura masa numfashi ya sani. Bai ce mini komai a gaban mutane ba.

Muna hanyar Aujara ya tambaye ni ko a can ƙasar na ji wani ya san inda abin nan yake zuwa in ya shiga ciki. Na ce na ji likitan soja, ta bakin tafinta, yana cewa hanta ce ke tace shi daga jini, kaɗan-kaɗan, kuma ba ta sauri don an matsa mata. Ya tsaya cik a tsakiyar hanya. Ya ce, "Ashe hanta ce, baiwar Allah! Shekara goma ina auna aikinta ban san sunanta ba. Ɗan malam, ka gaishe mini da taka. Tsohuwa ce mai niƙa, tafi ɗaya take zubawa a dutse, ko sarki ne ke jiran tuwon." Ya yi dariya. Ni ban yi ba, don na san abin da yake nufi.

Rijiyar Aujara ta gefen hanya ce, Nasara suka sa a haƙa saboda matafiya, aka ɗora mana wani heluma, shugaban lebura, mai bulala. Mun kai gaba goma sha huɗu, ƙasa ta fara danshi. Ni ne mai sauka, don na fi kowa rashin jiki. Wata Litinin da la'asar na sulale na tafi unguwar Maguzawa, na sha har rana ta faɗi, na dawo na kwanta. Da gari ya waye na tashi garau a ganina. Heluma yana ta kai da kawo, wai Bature zai biyo da hantsi, yana so ya tarar da ruwa. Na zo gaban Baba na hura.

Ya ce, "Nawa?"

Na ce, "Baba, tun jiya ne, na yi barci."

Ya ce, "Ban tambaye ka barci ba. Nawa?"

Na sunkuyar da kai na ce goma sha biyu.

Ya ce, "Dare ya ci takwas, saura huɗu. Sai azahar."

Heluma ya ji. Ya aika aka jiƙo tsamiya, ya ciro goro daga aljihu ya danna mini, ya sa aka sheƙa mini ruwa. Wallahi na ji kaina ya washe. Na ce, "Baba, na rantse zan iya." Raina ma ya ɓaci, ina ganin ya tozarta ni. Sai ya miƙo mini bakin igiya ya ce in ƙulla. Ƙullin da na yi ya fi sau ɗari. Na ƙulla, na duba, na ga daidai. Ya kama da hannu ɗaya ya fizga, igiyar ta zare daga ƙuguna ta faɗi ƙasa. Baba ya naɗe igiyar duka ya zauna a kai.

Heluma ya ce ya tashi. Baba ya ce ba zai tashi ba sai inuwa ta dawo gindin dagi ta fara juyawa. Heluma ya ce in Bature ya zo fa? Ya ce, "Ya zo ya tarar da rijiya ba ruwa, in yi masa bayani. Ba zan yi masa bayanin gawa ba." Bulala shida heluma ya sauke masa a baya, dattijo mai furfura, a gabanmu duka. Rigarsa ta yage. Bai ɗaga hannu ba, bai kuma gusa daga kan igiyar ba. Ni kuwa ina tsaye da goro a baki. Da azahar ta yi ya kira ni, na sake ƙullawa, ya fizga da hannu biyu har sai da na durƙusa, ƙulli bai motsa ba. Na sauka. Kafin la'asar ruwa ya ɓullo tsakanin ƙafafuna.

Da ni mutumin kirki ne da daga nan na daina. Ban daina ba. Bayan wata biyu, ranar wata Juma'a da safe, aka aiko masa cewa ɗan malam yana kwance a gindin tsamiyar Gaji bai san inda yake ba. Ya riga ya sa farar rigarsa ta masallaci, ita kaɗai gare shi. Ya kora jakinsa ya tafi. Ya ɗora ni, ya lulluɓe ni da mayafi har ka, yana tafe yana tallafe da ni. A hanya na amayar da abin da ke cikina duka a ƙirjinsa. Muka shigo gari daidai lokacin da jama'a ke tafiya Juma'a. Kuka tsaya gaisawa da shi, kuka ji wari. Wani a cikinku, yana nan da ransa, ya ja da baya ya ce, "Haba Falalu, ranar Juma'a?" Aka tambaye shi wa ke kan jaki, ya ce ɗan Malam Jaji ne, jikinsa ya ƙi daɗi. Ba wanda ya ɗaga mayafin. Bai ko zo muku a rai ba cewa jinin Limawa zai iya wannan wari. Sai ma kuka ce Allah sarki, an bar ɗan malam ba lafiya a hannun mashayi.

Ina kwance a zaurensa da yamma hankalina ya dawo, na ji ana maganar a waje. Na yunƙura zan fita in faɗi gaskiya, ya danne mini kafaɗa. Ya ce, "Mahaifinka na da rai, kada ka kashe shi da bakinka. Ni ba wanda zai fasa shan ruwan rijiyata don an ce ina sha. Kai kuwa yara za a kawo maka wata rana." Daga ranar ban ƙara kai ƙoƙo baki ba, yau shekara shida. Ba wa'azi ya raba ni da ita ba, wannan rigar ce, da na ga Inna Kubura tana wanke ta tana hawaye, ba ta tambayi mijinta komai ba.

Daga nan aka daina kiran Baba ɗaurin aure. In ya shiga sahu sai a bar ɗan fili a gefensa. Ya gani, bai taɓa kawo mini ƙara ba. Mahaifina ya rasu shekara huɗu da suka wuce, dalilin shirun ya tafi tare da shi, amma ban buɗe baki ba. Na hau buzu, ana ce mini Malam, ana durƙusa mini, abin ya yi mini daɗi. Kullum sai in ce gobe. Wannan ba umarnin Baba ba ne, tsorona ne, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa. Ko ranar Laraba, da dattijon nan ya faɗi maganarsa muna wucewa, kafaɗata na ƙarƙashin makara, na ji, na haɗiye.

Ni na yi maka wanka, Baba. Da muka juya ka, sai ga su nan a bayanka, layi shida, sun yi fari. Ashafa ya tambaye ni ko na san inda ka same su, don ba ka taɓa gaya wa 'ya'yanka ba. Ashafa, ga amsarka yau: nawa ne. Don kada in mutu a ramin Aujara aka yi wa mahaifinka su.

To, ku da kuka ce giya ta cinye masa hanta, ku ji da kyau. Ciwon hanta yana kama wanda bai taɓa ganin ƙoƙo ba. Ya kama mata a cikin kulle, ya kama malamai a kan buzu, kun bi su har kabari ba ku tambayi dalili ba. Na yi tafiya da mutumin nan, na ci da shi a akushi ɗaya, na hura masa numfashi shi ma na ji nasa, ina shaidawa a gaban Allah ban taɓa jin ɗigon abin nan a bakinsa ba. Hantar da ta sha giya a unguwar nan tawa ce, ga ta nan lafiya lau a cikin malamin 'ya'yanku. Giya haramun ce, ba ku fi ni sani ba, ni na san ɗacinta. Amma ku gaya mini hukuncin wanda ya ƙi bin gawar Musulmi a kan abin da bai gani ba, alhali cikinsa cike da ruwan rijiyar mamacin. Ba na neman afuwarku a madadinsa, ba ya bukatarta. Ku ne kuke bukatar tasa, ga shi kuma kun makara.

Gobe bayan asuba zan share makaranta in shimfiɗa buzu kamar kullum. Wanda ya ga dama ya aiko ɗansa, wanda bai ga dama ba ya riƙe abinsa, ba zan bi gidan kowa roƙo ba. In ba wanda ya zo, dagin Baba yana nan jingine a zaure, na kuma san hanyar Aujara. Abu ɗaya nake so: duk wanda ya ji wannan, ya cire takalmi ya shiga ya gaida Inna Kubura.

Inna, Allah Ya ba ki haƙurin da ya fi wanda kika yi a baya, ki yafe mini shekara shidan nan in za ki iya. Ashafa, Hassana, Mu'minatu, ku ɗaga kanku a duk inda aka ambaci mahaifinku, Allah Ya albarkaci bayansa. Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Falalu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sanyaya makwancinsa gwargwadon maƙogwaron da ya jiƙa, Ka shayar da shi ranar da kowa ke jin ƙishi, Ka haɗa shi da ƙanensa Ɗanmusa da ya daɗe yana nema. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani.

Baba, ka saukar da ni cikin ƙasa ya fi sau ɗari, kullum kuma sai ka jawo ni na fito. Ni sau ɗaya na saukar da kai, ba ni kuma da igiyar da za ta dawo da kai. Sunanka kaɗai zan iya jawowa, ga shi na jawo, ko da na makara. Allah Ya sa ka huta, amin.